Idon Baƙo: Tarken Labarin Dorugu Don Masu Fita Koyon Harshe

Duk wanda ya zaɓi karatun harshe a jami'a ya san akwai wata gaɓa da aji ba ya iya tsallakar da mutum. Malami zai koya maka nahawu da furuci, ya ɗora maka littattafai, amma ranar da za ka tsaya gaban mai tireda a garin masu harshen kana neman canjinka, babu malamin da zai tsaya maka. Wannan ne dalilin da ya sa aka ɗora wa ɗaliban Faransanci da na Larabci na jami'o'inmu barin makaranta a shekararsu ta uku, su tafi inda ba za su ji komai ba sai harshen da suke koyo. A da ƙetare ake kai su. Da kuɗin waje suka yi wuya sai Gwamnatin Tarayya ta buɗe Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, ta kuma buɗe Ƙauyen Larabci a Ngala cikin Jihar Borno a 1992, domin su tsaya a madadin waccan fita. Duk da haka ba a rasa mai rabon da kan sami zangon karatu guda a Faransa ko Masar ko Jamus ko Sin, kuma ko a wannan zango da muka shiga akwai 'yan'uwanmu da muka yi sallama da su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambaya guda: shin adabinmu na Hausa yana da wani guzuri da zai sa wa irin wannan ɗalibi a jaka? Amsata ita ce yana da shi, kuma guzurin ya girmi Ruwan Bagaja da kusan shekara 80. Ina nufin labarin Dorugu, wanda yawancinmu sunansa kawai muka ji a darasin tarihin rubutun boko, muka rubuta shi a gefen takarda saboda jarrabawa, muka wuce.

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye na ƙasar Damagaram a Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana yaro aka kama shi bawa, aka yi ta hannu da hannu da shi har Kukawa, hedkwatar Borno a wancan zamani. A can ne ya faɗa hannun wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, wanda mutane ke kira Tabib. Shi ne ya 'yanta shi, shi da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya mutu a bakin Tafkin Chadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da Abdulkarim. Tare da shi suka bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu har Tambutu a 1853, suka juyo ta Kano zuwa Kukawa, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, suka sauka Landan cikin watan Satumba na 1855. A lokacin Dorugu bai wuce ɗan shekara 15 ko 16 ba, wato bai ma kai ƙannenmu da ke aji ɗaya ba.

A Ingila kuwa akwai wani limamin mishan, shi ma haifaffen Jamus, mai suna J. F. Schön. Wannan mutum ya shigo Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya koyi Hausa daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, har ya buga ɗan littafin kalmomi a 1843, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da ya sami labarin ga Bahaushe a Ingila sai ya yi ruwa ya yi tsaki har yaran suka koma gidansa a garin Chatham, abin da bai yi wa Barth daɗi ba, don shi ya riga ya shirya mayar da su gida. Abbega ya komo a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna har 1864. A farkon wannan zama ne ya riƙa faɗa Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, da labarai, da tarihin rayuwarsa tun daga gonar ubansa har zuwa Turai. Wannan tarihi ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885.

Kafin in ci gaba, ya kamata in share wani wuri, kada a ce na haɗa zuma da maɗaci. Ɗalibinmu na yau shi ya cika takarda, shi ya nemi biza, iyayensa suka raka shi da addu'a, ya kuma san ranar komowarsa. Dorugu bai zaɓi barin Dambanas ba, raba shi aka yi da uwa da uba da ƙarfin tsiya. Ba a nan suka yi kama ba. Inda suka yi kama shi ne safiyar farko, lokacin da mutum zai buɗe ido a garin da kome nasa baƙo ne, ga baki amma ba magana. Labarin Dorugu ya kama wannan lokaci tun yana da ɗumi, domin an ɗauke shi ne tun yaron yana sabon zuwa, kafin idonsa ya saba.

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Gaskiya ne ta fuskar sanin hanya da sanin wanda za a gaisar. Amma ni a ganina rabin magana ke nan, kuma labarin Dorugu shi ne ɗaya rabin. Ɗan gari ma makaho ne ta wata fuska, domin abin da ya tashi ya tarar ya daina ganinsa. Ba Baturen da zai zauna ya bayyana yadda ake cin abincin dare a gidan masu hali na Ingila, don a wurinsa ba labari ba ne. Dorugu kuwa ya tsaya a kan wannan, ya bi shi daki-daki: yadda ake shiri, da yadda maza da mata ke zama, da yadda ake kawo abinci kashi-kashi. Bai yi ba'a ba, bai kuma yi irin mamakin ɗan ƙauye da ya shigo birni ba. Kallo ya yi, ya faɗi abin da ya gani bi da bi.

A nan ne nake ganin darajar littafin ta fi fitowa, kuma a nan ne masu nazari suka fi yi masa gajeren adalci. Barth ya shekara biyar yana kallonmu. Ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta mutanenta, ya bi kasuwarta yana tambayar kuɗin kaya, ya rubuta yadda muke rini da saƙa da ciniki, ya koma ya cika mujalladi biyar da aka buga a 1857 da 1858. Duniya ta kira wannan ilmi, kuma ilmin ne. To, yaron da ya shekara uku yana ɗaure masa kaya ya ga yadda ake wannan aiki, da ya isa ƙasar Turawa sai ya juya musu madubin. Muryar da ya bayyana garuruwan hanyar Tambutu da ita, da ita ya bayyana Turai, bai ɗaga ta ba, bai sassauta ta ba. A wurinsa mutanen Ingila wata ƙabila ce mai nata al'adu, kamar Barebari, kamar Buzaye. Ban san wani darasi da ya fi wannan amfani ga ɗalibin da zai sauka Faris gobe ba, domin cutar da ta fi kama mu a can iri biyu ce: ko dai mutum ya rusuna wa duk abin da ya gani, ko kuwa ya toshe hanci ya ce kome nasu ƙazanta ne. Duka biyun hanyoyin guje wa kallo ne.

Ta fuskar salo, mai karatun da ya saba da Magana Jari Ce zai ji labarin salam da farko. Babu karin magana a kowane layi, babu kirari, babu zolaya irin ta aku. Jimlolin gajeru ne, an jera su kamar raƙuman ayari, wannan na bin wannan: aka tashi, aka yi tafiya, aka sauka, aka kwana. Hatta inda yake ba da labarin rabuwa da iyayensa bai tsaya yana kuka a takarda ba. Wasu za su ce ƙarancin fasaha ne. Ni kuwa na ce su sake karantawa. Yaron da ya faɗi yadda aka sayar da shi da muryar da zai faɗi yadda aka shayar da raƙumi ya gaya maka wani abu game da zamaninsa wanda shafi goma na hawaye ba zai gaya maka ba. Nauyin yana cikin abin da bai tsaya a kansa ba.

Sai kuma matsalar suna, wadda ita ce ta fi shafar mu ɗaliban harshe. Mai karatu ya tuna cewa jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911. Dorugu ya riga shi da shekara 56. Kalmomin da muke jefawa yau ba tare da tunani ba, irin su tebur da tasha da tikiti da kofi, aro ne da ya shigo bayan zuwan Turawan mulki. Wato ke nan yaron ya tsaya gaban duniyar da Hausarsa ba ta yanka wa rago ba tukuna, kuma dole ya ba da labarinta da Hausa. Hanyar da ta rage masa ita ce ya faɗi siffar abu, da aikin da yake yi, da abin da ya yi kama da shi a gida. Wannan shi ne ainihin aikin mai fassara, kuma shi ne aikin da mu muke gudu. Ɗalibinmu na yau idan ya ga abin da bai san sunansa da Hausa ba sai ya cusa kalmar Ingilishi ya wuce, ko kuma ya ɗauki hoto ya aiko ta WhatsApp. Na ga irin waɗannan saƙonni da yawa daga waɗanda suka fita: ga shi gaban hasumiya, ga shi cikin dusar ƙanƙara, ga farantin abinci. Hoto ba ya tilasta wa kowa neman kalma. Bayan wata huɗu mutum ya komo da hotuna ɗari biyar, ka ce ya ba ka labari, sai ya ce ai abin sai wanda ya gani.

Amma fa littafin ba ya rasa rauni, kuma raunin babba ne: baki na Dorugu ne, alƙalami na Schön. Abu na farko, kunnen Schön bai rarrabe baƙaƙen da muke yi wa ƙugiya a yau ba, balle tsawon wasali da karin sauti. A irin rubutunsa kafa da ƙafa abu guda ne, haka baki da baƙi. Saboda haka duk inda jimla ta yi tuntuɓe, kada mai nazari ya yi saurin ɗora wa yaron laifi, ko ya ce ga yadda Hausar Damagaram take a 1856. Tsakaninmu da muryarsa akwai kunnen wani mutum da ya koyi Hausa da girma a Saliyo.

Abu na biyu ya fi wannan zurfi. Wa Dorugu yake ba labari? Yana magana kamar mai gaya wa 'yan'uwansa Hausawa yadda Turai take, amma wanda ke zaune gabansa da takarda shi ne mai masaukinsa, mai ci da shi, mai koya masa addininsa, wanda a hannunsa ma aka yi masa baftisma. Wanda ke cin tuwon gidanka ba zai dubi idonka ya ce miyar ba gishiri ba. Don haka idan mun ga yaron bai kushe ba, kada mu ɗauka bai ga abin kushewa ba. Bugu da ƙari, abin da Schön yake nema shi ne jimloli da zai gina nahawu da ƙamus da fassarar Linjila a kansu. Labarin rayuwar yaron hanya ce ta samun jimlolin. Wannan ne ma, a fahimtata, ya sa abin da mu za mu fi so mu ji bai zama jigo ba, wato yadda Ingilishi ya shiga bakinsa: kalmar farko da ya kama, ranar da aka yi masa dariya, ranar da ya fara mafarki da harshen. Mai rubutun ba shi da bukatar wannan. Labarin ya tsaya da wuri, shekarun da suka biyo baya har 1864 ba su ciki.

Wani abin lura shi ne wannan giɓi bai tsaya kan Dorugu kaɗai ba. A ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933. Shi ma yaro ne da aka raba da uwarsa, aka keta Sahara da shi, kuma abin sha'awa, Balaraben da ya ɗauke shi zuwa Ber Kufa shi ma sunansa Abdulkarim. Umar ya tashi cikin Larabawa, ya yi karatu, ya zama shaihi. Amma marubucin ya tsallake wahalar sauya harshe da sauri, don hankalinsa na kan bauta da ƙaddara da haƙuri. Haka kuma Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944 bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Imam ya tafi yana babban mutum, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Ingilishinsa a baki, baƙon hukuma wanda aka tsara wa inda za shi da wanda zai gani. Hausarsa ta fi ta Dorugu daɗi nesa ba kusa ba, wannan ba gardama. Sai dai shi malami ne da ya je ya gano wa ɗalibansa, ba ɗalibin da harshe ya ɗaure ba. Har yau adabinmu na jiran wanda zai rubuta mana makonnin farko na mai koyon harshe daga ciki, kuma waɗanda suka fi cancanta su rubuta shi su ne waɗannan da muka raka tasha.

Na san malamanmu na sashen Faransanci za su ɗaga gira a nan. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya je koyon harshe ya ajiye nasa a bakin ƙofa, ya nutse gaba ɗaya, ya guji zaman 'yan gida. Ina tare da su ɗari bisa ɗari da rana. Wanda ya je Faransa ya tare a ɗakin 'yan Nijeriya yana cin dafa-duka yana hirar ƙwallo ya yi asarar kuɗin jirgi. Amma shafi guda na Hausa kafin barci ba zai rage masa kome ba, sai ma ya nuna masa iyakar abin da ya fahimta. Abin da ba ka iya faɗa da harshen uwarka ba, ba ka gama gane shi ba, haddace sunansa kawai ka yi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin masu wannan karatu da tsayuwa tsakanin harsuna biyu za su ci abinci, ko a aji, ko a ofishin jakadanci, ko a gidan rediyo. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake ɗaukar irin waɗannan mutane, na Rediyon Faransa kuwa tun 2007. Ba wanda za su ɗauka don ya manta Hausa.

Akwai kuma maganar suna a bangon littafi, wadda ba na so in wuce ban taɓa ba. Schön ya buga nahawunsa a 1862, da ƙamusunsa a 1876. Faransawa suka ba shi lambar Volney a 1877, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Adalci ne a ce bai ɓoye sunan Dorugu ba, ya faɗi cewa daga bakinsa labarin ya fito, kuma ba don naci irin nasa ba da babu abin da za mu karanta yau. Shi ma Dorugu bai tashi a tutar babu ba, ya fito da Ingilishi da karatu da rubutu. Amma duk da haka, a darasinmu Schön ne ke da babi, Dorugu kuwa layi biyu. Ban ga dalilin da zai hana mu lasafta shi cikin magabatan rubutun zube na Hausa ba. Idan hujjar ita ce ba shi ya riƙe alƙalami ba, to, Baba ta Karo ma ba ita ta riƙe ba, kuma ba wanda ke musun cewa labarin nata ne.

Wannan ba tsohon zance ba ne ga mai fita yau. An daɗe ana nazarin Hausa a jami'o'in Landan da Hambug da Waso da Beijin, ga kuma masu tara murya da jimloli don koya wa na'ura harshe. Bahaushen da ya sauka a irin waɗannan wurare ba ya daɗewa sai wani ya zo da rikoda da fara'a, ya ce don Allah maimaita mini wannan jimla. Ba laifi ba ne, zumunci ne na ilmi, sau da yawa ma ta nan ake samun aboki na gaske. Illa dai mutum ya tambayi inda maganarsa za ta, da sunan wa za ta fito, ya kuma auna sa'o'insa. Zango guda wata huɗu ne kacal. Wanda ya je koyon Jamusanci ya ɓuge da koyar da Hausa kyauta daga safe har yamma, wani ya yi digiri da shi, shi kuwa ya komo da gaisuwa kawai.

Dorugu ya komo a 1864, ya yi aikin tafinta shekaru masu yawa, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A Kano ya rasu a 1912. C. H. Robinson ya sake buga Magana Hausa a 1906. A 1971 kuma A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da fassarar labarin da Ingilishi, haɗe da na Maimaina jikan Abbega. Abin da ya jawo ke nan yau ya fi sauƙi ɗalibin Hausa ya karanta Dorugu da Ingilishi a kan ya karanta shi da harshen da ya yi maganar.

Shawarata ga shugabannin wannan Ƙungiya ita ce a kafa ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu, ƙarƙashin ɗaya daga cikin malamanmu na nahawu, su ɗauki kashin da ya fara daga Tarabulus zuwa ƙarshe, su mayar da shi ƙa'idar rubutu ta yau, a riƙa buga shi kaɗan-kaɗan a wannan mujalla. Sharaɗi guda zan roƙa: a gyara baƙaƙe da ƙugiya da rabon kalmomi kawai, kada a taɓa ginin jimlarsa, kada kuma a mayar da shi Bakano. Zai kyautu a sa ɗalibi ɗaya daga Damagaram cikin kwamitin, don akwai wuraren da kunnensa zai kama abin da namu zai ɗauka kuskure ne.